Kare fata daga gam ɗin na'urar auna sukari a zafin Damagaram

Na'urar auna sukari da ake mannawa a jiki, irin FreeStyle Libre mai kwana 14 a bayan damtse ko Dexcom G6 mai kwana 10, ta rage wa masu ciwon sukari wahalar huda yatsa. Sai dai fatar da aka rufe tsawon kwanakin nan ba ta shan iska. A Damagaram kuwa, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, gumi kan taru a ƙarƙashin gam har fata ta jiƙe ta yi laushi, daga nan ƙaiƙayi ya fara.

Matsalar iri biyu ce, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko, wadda ta fi yawa, gajiyar fata ce kawai: gumi, maiƙo, guga, ko fizge na'ura da ƙarfi. Tana tsayawa daidai inda gam ya taɓa, tana raɗaɗi, ta warke cikin ƴan kwanaki. Ta biyu ita ce jiki ya ƙi wani sinadari. Wannan kan ɓullo bayan kwana ɗaya zuwa uku, da ƙaiƙayi mai hana barci da ƙananan bororo masu ruwa, wani lokaci ta tsallake iyakar gam ɗin, kuma kowace sabuwar na'ura sai ta fi ta baya muni. A 2017 likitocin fata a Turai suka gano wani sinadari mai suna IBOA a FreeStyle Libre ta farko, yana fitowa daga jikin robar na'urar ya ratsa zuwa fata. Daga baya kamfanin Abbott, mai ƙera Libre, ya cire shi. A baƙar fata ja bai cika nuna kansa ba, don haka kada a jira ganinsa. A duba duhun wuri, sheƙi, kumburi da ƙananan ƙuraje.

Yawancin aikin yana cikin shirya fata. A wanke wurin da sabulu marar turare da maiƙo, a ɗauraye, a tsane. Ranar mannawa kada man kaɗanya, basilin ko wani man shafawa ya kusanci damtsen, ko da hunturu ya busar da jiki, domin maiƙo na hana gam kamawa, na'ura ta riƙa motsi tana gugar fata. Idan akwai gashi a rage shi da almakashi. In reza ce dole, a aske kwana ɗaya kafin nan, saboda ƴan yankan da ido ba ya gani. Sannan a goge da alkol a bar shi ya bushe ƙarau, minti ɗaya ko biyu, ba tare da hura masa baki ba. Gaggawa a nan ita ke ƙona fatar mutane da yawa: alkol da aka rufe da danshinsa yana ci gaba da cin wurin.

Lokaci ma yana da tasiri. Gam na buƙatar awoyi kafin ya kama sosai, don haka mannawa da tsakar rana sannan a hau kabu-kabu zuwa kasuwa asarar kuɗi ce. A bari sai dare, kamar awa ɗaya bayan wanka, gumi ya tsaya, a zauna gaban fanka in akwai wuta. Bayan mannawa a bi gefen gam ɗin da yatsa a danna shi zagaye.

Kada a maimaita wuri. Wannan karo damtsen dama, na gaba na hagu, kuma in an dawo a matsa gefe, kowane wuri ya huta aƙalla mako guda. A kauce wa tabo, ƙurajen zafi da inda ake allurar insulin. Ga Libre a bar tazarar aƙalla santimita 2.5 daga wurin allurar insulin.

Mai fata marar juriya zai iya sa shamaki. Akwai ruwan kariya irin Cavilon da ake shafawa siriri, ya bushe, sannan a manna. Yana taimakawa ga gajiyar fata, amma da wuya ya tare sinadarin da jiki ya ƙi. Ga wannan, filastar haidirokoloid siririya irin DuoDERM ta fi: a yanka ta ta ɗan fi na'ura faɗi, a huda ƙaramin rami inda allurar na'urar za ta bi, a shimfiɗa ta a fata, na'ura ta hau kai. Ba kowane farmasi ke ajiye waɗannan ba, gara a yi saƙonsu tare da na'urar daga Yamai ko Kano. Wasu likitoci kan ba da feshin hanci na fluticasone, fesa ɗaya ko biyu a fata a bar shi ya bushe, amma ba don haka aka yi shi ba, sai da izinin likita, musamman ga yara. Idan gefe ya fara ɗagowa a ƙara filasta a kewaye, kada a toshe ɗan ramin da ke tsakiyar Libre. Gam ɗin gyaran takalmi ko na roba kuwa, ko kusa.

Wajen cirewa ake yi wa fata mafi yawan rauni. A jiƙa gefen da man gyaɗa ko man zaitun, a jira minti biyar zuwa goma, a danne fata da yatsa ɗaya, a naɗe gam ɗin baya a hankali yana kwance da jiki, ba a ɗaga shi sama ba. A goge ragowar danƙon da mai, a wanke, yanzu ne man kaɗanya ke da amfani. In akwai ƙaiƙayi, maganin shafawa na hydrocortisone kashi 1 cikin 100 sau biyu a rana na ƴan kwanaki kan wadatar, muddin fata ba ta fashe ba. A guji mayukan bilicin na kasuwa don goge baƙin tabon da ya rage. Da yawansu na ɗauke da clobetasol ko betamethasone, masu sirantar da fata, kuma yawan shafa su na iya ɗaga sukari. Tabon kan dushe da kansa cikin watanni.

Mugunya, zafi a wurin, kumburi mai yaɗuwa ko zazzaɓi alamar ƙwayoyin cuta ce: a cire na'ura, a koma auna yatsa, a je asibiti ranar, domin rauni a jikin mai sukari ba ya son jinkiri. Idan bororo ne ke dawowa duk da shamaki, a ɗauki hoton wurin, a tafi da kwalin na'urar wajen likitan fata a babban asibitin Damagaram, don a duba yiwuwar sauya zuwa ta wani kamfani.