Yadda Ake Auna Tasirin Zanga-zangar Talakawa Bayan Taro Ya Watse

Duk mai son sanin ko zanga-zangar adawa da tazarar da ke tsakanin masu hannu da shuni da talakawa ta bar wani abu mai ɗorewa, kada ya yanke hukunci ranar da 'yan sanda suka share dandali, domin wannan rana ƙarfin hukuma kawai take nunawa. Ya fara da nemo buƙatun masu zanga-zangar kamar yadda suka rubuta su tun farko, sannan ya bi sawun kowace ɗaya, ko da bin zai kai shi shekara ashirin gaba.

A 1892, manoman Amurka da bashi da tsadar jigilar amfanin gona a jirgin ƙasa suka addaba sun taru a birnin Omaha ƙarƙashin Jam'iyyar Jama'a, suka nemi a riƙa karɓar haraji gwargwadon samun mutum, kuma a bar jama'a su zaɓi sanatoci da kansu. Jam'iyyar ta durƙushe bayan zaɓen 1896, amma a 1913 aka yi wa tsarin mulkin ƙasar gyare-gyare biyu, ɗaya ya halatta harajin samu, ɗayan ya miƙa zaɓen sanatoci ga talakawa. Wanda ya rufe littafinsa a 1896 da ya rubuta cewa sun yi asara.

Bayan buƙatu, sai a bi mutanen, a ga inda suka nufa da aka naɗe tantuna. Matasan da suka mamaye dandalin Puerta del Sol a Madrid daga 15 ga Mayun 2011 ba su kafa jam'iyya a lokacin ba, amma daga wannan guguwa jam'iyyar Podemos ta fito a 2014, ta ci kujeru 5 a Majalisar Turai cikin 'yan watanni, ta kuma shiga gwamnatin haɗin gwiwa ta Sifaniya a 2020. Ada Colau, wadda aka sani da tsayuwa a ƙofar gidajen waɗanda bankuna ke shirin kora, ta zama magajiyar garin Barcelona a 2015. Daga baya farin jinin Podemos ya dusashe ƙwarai, kuma dole wannan ma ya shiga lissafi.

Abin da ya fi wuyar aunawa, kuma a ganina ya fi daɗewa, shi ne sauyin bakin jama'a. Sansanin masu zanga-zangar Occupy Wall Street a dandalin Zuccotti Park na birnin New York bai cika wata biyu ba, daga 17 ga Satumba zuwa 15 ga Nuwamban 2011, kuma an yi ta sukarsa da rashin takamaimiyar buƙata. Duk da haka, takensu na kashi 99 a kan kashi 1, wato mafi yawan jama'a a kan 'yan tsirarun attajirai, ya shiga bakin 'yan jarida da 'yan siyasa, har Sanata Bernie Sanders ya gina takararsa ta neman shugabancin Amurka ta 2016 a kansa. Hanyar gane wannan ita ce a kwatanta jawaban 'yan takara da kanun jaridu kafin zanga-zangar da bayanta, a ga ko abin da a da ake ɗauka zancen 'yan tsagera ne ya zama zancen kowa.

A nan ne kuma ake buƙatar taka-tsantsan, domin ba duk abin da ya biyo bayan zanga-zanga ne ɗanta ba. Fafutukar neman mafi ƙarancin albashi na dala 15 a sa'a, wadda ma'aikatan gidajen abinci suka fara a New York a Nuwamban 2012, ta amfana da yanayin da Occupy ta haifar, amma ƙungiyoyin ƙwadago ne suka ɗauki nauyinta. Seattle ta amince a 2014, jihohin Kalifoniya da New York suka biyo baya a 2016, alhali mafi ƙarancin albashi na tarayya ya tsaya cak a dala 7.25 tun 2009.

A kuma rarrabe rangwamen da gwamnati ke yi don ta yayyafa wa wuta ruwa da sauyin da ke taɓa ginshiƙin tsari. Masu zanga-zangar da ke sanye da rigunan rawaya a Faransa sun sa Shugaba Emmanuel Macron ya janye ƙarin harajin man fetur a Disamban 2018, amma ya ƙi maido da harajin dukiya da ya soke, wanda suka yi ta nema. Ƙasar Chile ta fi kowa nuna amfanin jinkirta hukunci. Ƙarin peso 30 a kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa ya tayar da boren Oktoban 2019, kusan kashi 78 na masu zaɓe suka amince a 2020 a rubuta sabon tsarin mulki, kuma Gabriel Boric, tsohon jagoran ɗalibai, ya ci zaɓen shugaban ƙasa a 2021. Sai dai an ƙi daftarin farko a 2022, aka ƙi na biyu a 2023, don haka ƙasar ta ci gaba da amfani da tsarin mulkin 1980 da aka fito titi domin a kawar da shi.