Taho-mu-gama a Layin Dogo: Kurakuran da Ke Haɗa Jiragen Kaya Goshi da Goshi

Jirgin kaya mai cikakken lodi, idan yana gudun kilomita 90 a sa'a, yakan ci kilomita ɗaya da rabi ko fiye kafin birki ya tsayar da shi. Ba shi da sitiyarin da zai kauce. Saboda haka duk sanda direbobi biyu suka hangi fitilun juna a layi ɗaya, aikin gama ya riga ya gama, abin da ya rage musu shi ne su danna birkin gaggawa, mai rabo ya dira. Gyaran duk yana can baya, mintuna ko awanni kafin haduwar. Kuma wanda ya bi rahotannin hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, wato NTSB, zai ga cewa da wuya kuskuren mutum ɗaya ya isa ya haɗa jirage biyu. Sai mutum na biyu, ko na'urar da aka sa ta kama kuskuren, ita ma ta yi sake.

Na farko a jerin kurakuran shi ne wuce danja. Dalilan wucewar ne suke bambanta. A Goodwell, jihar Oklahoma, ranar 24 ga Yuni 2012, jiragen kaya biyu na kamfanin Union Pacific suka yi taho-mu-gama da hantsi, mutum uku suka mutu, na huɗu ya dira ya tsira. Bincike ya nuna idon ɗaya daga cikin direbobin ya daɗe da lalacewa, har bambance launin sigina yana gagararsa. Amma ai ba shi kaɗai ne a kan jirgin ba. Ga kwandasta a gefensa, wanda aikinsa ne ya kira launin kowace sigina da baki, direba ya amsa, in kuma ya ga gudu bai ragu ba ya ja birkin gaggawa da hannunsa. Bai yi ba. Gyaran nan biyu ne: gwajin ido na gaskiya wanda ba a sassauta wa tsohon ma'aikaci don kunya, da kuma koya wa kwandasta cewa girman direba ba ya hana shi magana. A ganina na biyun ya fi wuya, don ƙaramin ma'aikaci yakan yi shiru yana cewa ai oga ya gani.

Sai barci, wanda aka ce ɓarawo ne. Jirgin kaya ba shi da tsayayyen lokaci irin na fasinja. Ana iya kiran ma'aikaci yau da azahar, jibi da ƙarfe biyun dare, jiki ya rasa lokacin da zai saba da shi. Don haka aka sa wata ƙararrawa a kan jirgi: idan direba ya ɗan jima bai taɓa komai ba sai ta fara ƙara, in bai danna ta ba ta kama birki da kanta. To ga abin da ya faru a Hoxie, jihar Arkansas, ranar 17 ga Agusta 2014, wajen biyu da rabi na dare. Direban yana da ciwon nan na ɗaukewar numfashi cikin barci, kwandastan kuma lokutan aikinsa a hargitse suke, duka biyun barci ya sace su. Jirgin yana da wata na'ura da ke busa oda da kanta a kai a kai in an kunna ta, kuma an bar ta a kunne. Duk busawa ɗaya, sai ƙararrawar ta ɗauka direba ne ya motsa, ta koma ƙirga lokaci daga farko. Haka jirgi ya riƙa tafiya yana ihu cikin dare, babu mai ido biyu a ciki, har ya wuce danja ya daki ɗan'uwansa. Mutum biyu suka rasu. Maganin ya haɗa da raba ƙararrawar da duk abin da ke aiki da kansa, da gwada ma'aikata kan ciwon barci a kuma bi diddigin maganinsu, da ba mutum damar cewa "na gaji" ba tare da an rubuta masa laifi ba. Gargaɗin "a riƙa kula" da ake mannawa a bango ba ya tada wanda ya yi kwana biyu bai runtsa ba.

Waya kuwa ba ta buƙatar dogon bayani. A Chatsworth ta Kalifoniya, 12 ga Satumba 2008, direban jirgin fasinja yana aika saƙon tes ya wuce danja ya yi karo da jirgin kaya, mutum 25 suka mutu. A kashe ta a jefa a jaka kafin a hau.

Inda na fi ganin ana raina haɗari shi ne layukan da babu sigina sam, inda mai ba da hanya daga ofis yake karanto izini ta oba-oba, ma'aikaci ya rubuta ya maimaita masa. Akwai wani irin izini mai sharaɗi: ka shiga layi, amma sai bayan jirgi kaza ya iso ya wuce ka. A Devine, jihar Teksas, a 1997, mai ba da hanya ya tsallake wannan sharaɗin wajen karantawa. Ma'aikacin jirgi ya maimaita abin da ya ji, babu sharaɗin, mai ba da hanya kuma ya amsa da cewa daidai ne, don kunnensa ya ji abin da yake tsammanin ji. Mutum huɗu suka mutu. Maimaitawar da ba a bin ta kalma da kalma da yatsa a kan allo, ɓata baki ce kawai. Abin da ya fi aminci, kuma NTSB ta daɗe tana nema, shi ne kada a ba da izinin tun farko sai jirgin da ake jira ya iso an gan shi.

Haka mantuwa da mayar da layi bayan an karkata shi zuwa gefe. A Graniteville, Karolina ta Kudu, a Janairun 2005, ma'aikata suka ajiye jirgi a layin gefe suka tashi aiki ba su mayar ba. Cikin dare wani jirgin ya afka masa, tankar iskar kulorin ta fashe, mutum 9 suka mutu, aka kwashe sama da 5,000 daga gidajensu. Daga nan aka tilasta rubuta lokacin da aka karkata layi da lokacin da aka mayar, a kuma faɗa wa juna ta oba-oba kafin a bar wurin.

Bayan Chatsworth ne majalisar Amurka ta wajabta tsarin PTC, kwamfutar da ta san inda jirgi yake da iyakar izininsa, ta kama birki in direba bai kama ba. Sai ƙarshen 2020 aka gama sa shi. Kuskuren da ya biyo baya shi ne ɗauka cewa an gama da matsalar, alhali ba kowane layi yake da shi ba, kuma akan kashe sigina don gyara. A Cayce, ita ma Karolina ta Kudu, a Fabrairun 2018, an kashe siginar ne don a girka PTC ɗin, aka bar layi a karkace, jirgin fasinja na kamfanin Amtrak ya shige ya daki jirgin kaya da ke tsaye, ma'aikata biyu suka mutu. Duk ranar da sigina take a kashe, direba ya tunkari kowace mararraba da gudun da zai iya tsayawa, har sai ya ga da idonsa inda layin ya nufa.