Yadda za ka je Badagry ka tsallaka Kwatano daga Legas, ka dawo da labari mai amfani

Wani abu yana damuna game da mu 'yan Arewa mazauna Legas. Sai ka samu mutum ya shekara goma sha biyar a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12, amma duk abin da ya sani a garin nan daga ɗakinsa sai shago sai masallaci, sai kuma tashar da yake hawa motar Kano in salla ta zo. Alhali ga wata ƙasa nan, Jamhuriyar Benin, a bakin ƙofarmu, in ka yi sammako kafin la'asar kana Kwatano kana shan shayi a unguwar Zango. Na yi wannan tafiyar ba sau ɗaya ba, shi ya sa na ce bari in faɗa wa 'yan'uwa yadda ake yinta, musamman matasan nan masu son ɗaukar bidiyo suna ba mutanen gida labarin duniya.

Ka fara da takardu tun kafin ka sa ranar tafiya. Badagry cikin jihar Legas take, katin ɗan ƙasa ya wadatar. Amma in za ka tsallaka boda sai da fasfo ko takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS, kuma ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza a Benin, yana da damar zaman kwana 90. Abin da mutanenmu suka fi mantawa shi ne yalo kat, wato katin rigakafin cutar shawara. A ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa ake yinsa, akwai a wajen filin jirgin Ikeja, kuma allurar sai ta kwana 10 a jikinka kafin katin ya fara aiki, to ka ga ba abin da za ka bari sai ana gobe tafiya ba ne. Daɗin abin tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Don Allah kar ka sayi katin a hannun masu tsayawa bakin hanya suna cewa za su buga maka hatimi ba allura, kuɗinka ya tafi, jikinka kuma ba kariya.

Sai hanya. Komai daga Mile 2 yake farawa, can ake hawa motar Badagry. In kana Agege ka hau jirgin ƙasa na Red Line da ya fara aiki a 2024 ka sauka Oshodi, daga nan danfo zuwa Mile 2. In kuma ta Obalende ko cikin Ikko za ka fito, Blue Line daga Marina yake tashi ya dire Mile 2, tun Satumban 2023 yake jigila, da katin Cowry ake shiga don haka ka tabbata akwai kuɗi a ciki. Ni shawarata ka yi asuba ka fita, ƙarfe shida ta same ka a mota, domin titin nan da ya bi ta Festac da Trade Fair da Iyana Iba da Alaba Rago da Okokomaiko har Agbara, in rana ta ɗaga goslo zai cinye maka rabin yini kana zaune kana gumi. Ka tambayi kuɗin mota a bakin fasinja biyu kafin ka tambayi kwandasta, kuma ka riƙe canji.

Mutane da yawa Badagry wucewa kawai suke yi su nufi Seme inda boda take, ni kuwa a ganina asara ce babba. Ka sauka a shataletale ka hau keke zuwa bakin ruwa, wuraren tarihin duk kusa suke da juna, da ƙafa ma za ka zaga su. Akwai gidan tarihin garin wanda ginin nasa na 1863 ne. Akwai gidan Seriki Williams Abass, mutumin da aka kama shi bawa aka kai shi Barazil, ya dawo shi ma ya shiga cinikin bayi, daga baya ya zama Sarkin Musulmin Badagry, ya rasu a 1919. Ɗakuna 40 ne a gidan inda ake tsare mutane kafin jirgi ya zo. Ka shiga ɗaya ka sa a turo ƙofa ko na minti ɗaya ne. Ɗakin bai kai shagon mai caji ba, iska ta wata 'yar taga can sama take shigowa, kuma in mai zagayawa da kai ya miƙo maka sarƙar da ake sa wa a wuya ka karɓa da hannu biyu, nauyinta zai ba ka tsoro. Wallahi ranar da na fara riƙe ta na kasa magana, wayata tana aljihu ban ma tuna da ita ba.

Kuma kar ka ɗauka tarihin wasu ne can. Cikin waɗanda aka kwashe ta gaɓar tekun nan zuwa Bahia a Barazil akwai Hausawa masu yawa, har sun yi bore a can a farkon ƙarni na 19, kuma a babban boren Musulmi na 1835 a birnin Salvador an samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda suka fito. Haka kuma daga Badagry ɗin nan Bature Clapperton ya tashi a ƙarshen 1825 ya nufi Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a can ya mutu a 1827. Hanya tsakanin bakin teku da ƙasar Hausa tsohuwa ce, ba tirela ce ta buɗe ta ba.

Za a kai ka wani bene na 1845 da 'yan mishan suka gina, a ce maka shi ne bene na farko a Najeriya. Ka shiga ka gani, ginin ya cancanci a gan shi, Bishop Samuel Ajayi Crowther ma ya zauna a ciki. Amma in za ka ba da labari ka faɗi yadda abin yake, bene ne irin na Turawa, domin hasumiyar Gobarau ta Katsina ta girme shi da ɗaruruwan shekaru. Ba sai ka yi gardama da mai zagayawa da kai ba, abincinsa yake nema.

Daga nan sai kwalekwale zuwa tsibirin Gberefu. Ka dage sai an ba ka rigar ruwa kafin ka shiga, ko da direban ya ce ai kusa ne. Kana sauka za ka taka cikin rairayi zuwa bakin teku inda ake kira wurin da ba a dawowa, a hanya akwai rijiyar da ake cewa ana shayar da bayi ruwanta don su manta gida. Ka tafi da ruwa da hula, rana a wurin ba sauƙi.

To, sai boda. Daga Badagry zuwa Seme ba nisa amma shingaye sun yi yawa, ga kwastan ga 'yan sanda ga jami'an shige da fice. Nan ka mayar da waya aljihu. Akwai ranar da na ɗaga waya ina ɗaukar gada da ruwa ta tagar mota, ban lura mun iso shinge ba, wani jami'i ya sauke ni ya karɓi wayar, sai da na goge komai a gabansa na ba da haƙuri, 'yan motarmu suka jira ni kusan rabin awa. Wata hajiya 'yar kasuwa da ke kujerar gaba ta juyo ta ce, "Ɗana, a nan ido ake kallo da shi, ba waya ba." Tun daga ranar ban sake ba.

A Seme ka bi ta babbar ƙofa, ginin haɗin gwiwa da Buhari da takwaransa na Benin, Talon, suka buɗe a 2018, a buga maka hatimin fita na Najeriya da na shiga na Benin, in za ka dawo ma haka. 'Yan acaɓa za su yanyame ka suna cewa za su bi da kai ta bayan gida ba ruwanka da kowa, kar ka yarda, ranar da aka tambaye ka hatimi a cikin Kwatano ba za ka gan su ba. Kuɗi kuma ka canza kaɗan a boda, na mota da na abinci, ka ƙirga sefarka a gaban mai canjin, sauran ka bari sai Zango inda 'yan'uwanmu 'yan canji suke. Kar ka karɓi saƙon wanda ba ka sani ba ko da leda ce, kuma in za ka dawo kar kwaɗayin araha ya sa ka ɗauko buhun shinkafa ko kwalin kaji, kwastan za su ƙwace.

Kwatano kanta ba za ta ba ka wahala ba. Agogonsu ɗaya da namu. Faransanci ake yi, amma a Zango Hausa ta ishe ka ka samu masauki da tuwo da sahun salla a babban masallacin unguwar. 'Yan acaɓarsu zem ake ce musu, rigarsu ruwan ɗorawa ce, ku gama ciniki kafin ka hau kuma ka sa hular kwano. Ka ce a kai ka wajen gunkin jarumar tsohuwar masarautar Dahomey mai tsawon mita 30 da aka buɗe a 2022, da yamma kuma ka je bakin tekun Fidjrosse.

In ka dawo za ka ba da labari, ka tuna wani a Funtua ko Azare zai iya ɗaura niyyar tafiya saboda maganarka. Ka faɗi ranar da ka je, da nawa ka biya a kowace mota, da awa nawa hanya ta ci, domin labarin tafiya saurin tsufa yake yi. Bodar nan an rufe ta a Agustan 2019 sai Disambar 2020 aka buɗe, amma har yau sai ka ga an ɗauko tsohon bidiyon lokacin ana yawo da shi a WhatsApp wai an sake rufewa, ɗan kasuwa ya fasa tafiya a banza. Abin da ba ka gani da idonka ba, kira direban da ke bin hanyar ka ji kafin ka tura. Mata masu talla da yara kuma kar ka ɗauke su sai ka nemi izini, in mai kwakwa a Gberefu ta ce a'a ka sauke wayar, ka sayi kwakwarta ka sha ka wuce.