Yadda ake ɗaure kujerar yaro a mota ta zauna daram

Ranar da aka sallamo uwargida daga asibiti da ɗanmu na biyu, na je ɗaukarsu da kujerar jarirai a bayan mota, ina ta ji da kaina. Na zura bel ta inda na ga kafa, na ji ya ce ƙas, na ce magana ta ƙare. Mako uku muna yawo a haka. Wata yamma wani mai Adaidaita Sahu ya faɗo gabana babu sigina, na kauce tare da taka birki, sai na ji ƙara a baya. Ina waigawa na ga kujerar ta karkace gefe guda, yaron na ciki yana tsala ihu, bel kuwa yana nan a kulle yadda na bar shi. Allah ya tsare, ko ƙwarzane bai yi ba. Tun daga ranar, duk motar aboki ko ɗan'uwa da na ga kujerar yaro a ciki sai na kama na girgiza, kuma yawancinsu rawa suke kamar haƙorin tsohuwa.

Bari mu fara sallamar maganar doka. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura bel a Najeriya tun 1 ga Janairun 2003. Ƙa'idojin hanya na 2012 ba direba kaɗai suka ɗora wa ba, har da fasinjan gaba da na baya. Tarar rashin bel a takardar laifukan hukumar naira 2,000 ce, kuma a banki ake biya, ba a hannu ba. Yaron da bai kai shekara 12 ba wurinsa kujerar baya, a ɗaure, kuma zaunar da shi a gaba ko barinsa sakaka laifi ne mai zaman kansa da direba zai ɗauka. To amma jami'in da ke bakin titi leƙowa kawai zai yi, ya ga kujera, ya ɗaga maka hannu. Ba zai girgiza ta ba. Kamar dai direban tasha ne da ke yafa bel a ƙirji idan ya hango su, ya sake shi da an wuce.

Sayen kujera. Nauyin yaro da tsawonsa ake dubawa, shekaru ƙiyasi ne kawai. Kujerun Turai suna da tambari ruwan lemo a jikinsu. Idan ka ga R44, da nauyi aka raba su: ta jarirai daga haihuwa zuwa kilo 13, ta tsakiya kilo 9 zuwa 18, ta manyan yara kilo 15 zuwa 36. Idan R129 ka gani, da tsawo ake aunawa, kuma dole yaro ya fuskanci baya har wata 15. Na Amurka kuwa an rubuta iyakar nauyi da tsawo a takardar da ke manne a gefe. Na san sabuwa ta yi tsada, kuma yawancinmu gwanjo za mu nufa. Ni ba na son ta gwanjo, don ba ka san ko an taɓa haɗari da ita ba, amma idan ita ce daidai aljihunka, kifa ta ka nemi shekarar da aka ƙera ta. Yawancinsu wa'adinsu shekara 6 zuwa 10 ne. Ka lanƙwasa gefenta ka ga ko robar ta yi fari-fari ko ta tsage, ka ja igiyoyin, ka kulle makullin ka buɗe sau biyar. Wadda babu tambari ko takarda a jikinta, bar wa mai ita, ko kyauta ce.

Wurin ajiyewa kujerar baya ce, jariri kuma ya juya wa direba baya. Iyaye mata kan yi ƙorafin ba sa ganin fuskarsa, to Hajiya ki koma baya ki zauna kusa da shi. Kan jariri ya yi wa wuyansa nauyi, idan yana kallon gaba aka yi karo, kan ne zai fizgi wuyan. Idan yana kallon baya, bayan kujerar ne zai tallafe kai da wuya da gadon baya gaba ɗaya. Kada ka kuskura ka sa irin wannan kujera a gaba inda akwai jakar iska, wato airbag mai kumburowa idan an yi karo, domin idan ta fashe daidai ƙeyar yaron za ta daka.

Yanzu ga inda na faɗi, kuma nan kusan kowa ke faɗuwa. Bel ɗin mota an yi shi ne don babban mutum: yana bin jikinka idan ka sunkuya, sai an fizge shi yake cijewa. Idan ka ɗaure kujera da shi a haka, duk ramin da ka faɗa da duk kwanar da ka sha yana ƙara saki kaɗan-kaɗan. Ranar da zai cije, ya riga ya bar tazarar da kujera za ta yi tsalle a ciki. Don haka sai ka kulle shi da kanka.

Idan motarka shigowar Amurka ce, irin Camry da Corolla da Accord da suka cika titunanmu, an sauƙaƙa maka, domin tun motocin 1996 ake yin bel ɗin fasinja yadda za a iya kulle shi. Zura bel ta hanyar da aka tanada a jikin kujerar, ka danna shi a makulli. Sai ka kama ɓangaren kafaɗa ka ja a hankali, ba fizga ba, har ya ƙare ƙarƙaf ya ƙi fitowa. Sake shi ya fara komawa. Za ka ji yana ƙas-ƙas-ƙas kamar ana waina agogon da. Ja shi ka gani: idan ya ƙi fitowa, ya kulle. Wannan ƙarar ita ce ban taɓa ji ba a makonnin nan uku, don ban san da ita ba, kuma wanda ya sayar mini da kujerar ma bai ce komai ba. A wasu motocin kullin a jikin ƙarfen da ake dannawa yake, sai ka ja bel ta nan ya cije.

Kullewa kaɗai ba ta isa ba, sai ka cire sakin da ya rage. Danna kujerar cikin kushin da duk ƙarfinka, idan babba ce ka ɗora gwiwa a ciki, ɗaya hannun kuma ka ja bel daga kusa da makulli ka tura rarar ta koma ciki. Za ka yi gumi, musamman a watan Afrilu, kuma idan ba ka yi gumi ba ina shakkar ta ɗauru. Sannan ka kama kujerar daidai inda bel ya ratsa ta, ka ja hagu da dama, gaba da baya. Idan ta motsa fiye da inci ɗaya, wato santimita biyu da rabi, kwance ka sake. Kada ka gwada daga saman kujerar, can dole ta ɗan yi motsi, sai ka wahalar da kanka a banza.

Motocin Turai da muke kira Beljiyam, irin Golf da Peugeot 406, yawanci bel ɗinsu ba ya wannan kullin. Su kujerar ce ke zuwa da abin cije bel a jikinta, kuma a masu tambarin R44 an yi wa hanyar launi: shuɗi idan yaro na kallon baya, ja idan yana kallon gaba. Bi launin, kada ka ƙirƙiro taka hanyar. Akwai kuma gajeriyar hanya. Zura yatsu a tsagar da ke tsakanin mazauni da majinginar kujerar baya, idan ka taɓa wasu ƙarafa biyu, su ne ISOFIX, Amurkawa na ce musu LATCH, kuma motocinsu daga 2002 suna da su. Idan kujerarka na da ƙugiyoyinsu, maƙala ka ja, ka huta da kokawa da bel. Ɗaya ake zaɓa, ko su ko bel, sai in littafin kujerar ya ce a haɗa.

Saura ɗaure shi kansa yaron. Lokacin hunturu ana naɗe jariri da rigar sanyi biyu da shawul da tawul, a cusa shi a kujera kamar ƙunshin goro. Igiyar tufafin ta matse, ba yaron ba. Rage kayan, ɗaure shi, sannan ki lulluɓa bargo a sama. Gwajin shi ne ki tsunkuli igiyar a kan kafaɗarsa da yatsu biyu: idan ta naɗu a hannunki, ƙara ja. Mai kallon baya, igiya ta fito daidai kafaɗa ko ƙasa kaɗan, mai kallon gaba kuma daidai ko sama kaɗan. Idan akwai maɓallin ƙirji, daidai hammata yake zama, ba kan cibiya ba. Sabon haihuwa a kishingiɗe yake, kada haɓarsa ta faɗo kan ƙirji ta toshe masa numfashi. Kuma idan mota ta wuni a rana, taɓa ƙarfen makullin da hannunki tukuna, yana ƙona cinyar yaro. Ni tsohon zane nake yafawa a kai idan na yi fakin.

Idan ya girma ya juya gaba, akwai igiya a saman kujerar da ake maƙalawa a ƙugiya bayan majingina, kada ka bar ta tana lilo. Daga nan sai kujerar ɗagawa, wadda aikinta kawai ta ɗaga shi bel ya bi ta kan cinya da tsakiyar kafaɗa maimakon ciki da wuya. A Ingila doka ta ce har sai ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135, ni ma da wannan awon nake amfani, na zana shi da biro a jikin ƙofar kicin. Kada ka bari ya zura bel ƙarƙashin hammata, kuma kada a haɗa yara biyu a bel ɗaya ranar zuwa biki. Mai juna biyu ta sa na ƙasa a ƙarƙashin cikin. Masu cewa bel na ɓata musu farar shadda kuwa, ruwan ɗumi da sabulu da tsumma ne maganinsa: ja shi har ƙarshe, goge, ka bar shi ya bushe kafin ya koma.