Yadda Ake Gane Bututun Wuta Mai Kyau a Murhun Gasa Tukwane na Gas

Bututun wuta shi ne ke haɗa gas da iska ya hura wuta cikin murhu. Fara da duba ƙaramin raminsa da gas ke fitowa. Na gas ɗin silinda ya fi na gas ɗin da ake jawowa ta layin bututu ƙanƙanta. In aka musanya su, wuta ba za ta daidaitu ba. In ya toshe, a share shi da siririyar waya, ban da ƙusa, don tana faɗaɗa shi.

Kafin kunnawa, buɗe ƙofar murhun da bututun hayaƙi, ka shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa ta layin gas. Kumfa na nufin yoyo.

Wutar kirki shuɗiya ce, tana manne da bakin bututun wutar. In ta yi rawaya da baƙin hayaƙi, iska ta yi kaɗan, sai a ƙara buɗe faifan da ke daidaita shigar iska a bayan bututun wutar. In ta rabu da bakin, ƙarfin gas ya yi yawa. In kuwa ta koma tana ci a cikin bututun da gurnani, kashe nan take, ƙarfin ya yi ƙasa.

Kada ka cusa kan bututun cikin ramin murhu. Bar tazarar kamar santimita 2, iska ta samu shiga. Silinda ta fara ƙanƙara? Haɗa biyu, ko tsoma ta cikin ruwa.