Yadda Ake Duba Ƙasan Jirgin Ruwa Ta Hanyar Nutso

Ƙa'idar duniya ta tanadi a duba ƙasan kowane babban jirgin dakon kaya sau biyu a cikin shekara 5, kuma kada tazarar dubawa biyu ta wuce wata 36. Fitar da jirgi daga ruwa zuwa busasshen wurin gyara yana cin kuɗi da lokaci, shi ya sa hukumomin tantance jirage irin su Lloyd's Register da DNV sukan yarda a yi ɗaya daga cikin biyun da masu nutso, jirgin yana kan ruwa, muddin ya cika sharuɗɗansu.

Aikin yana farawa tun kafin kowa ya taɓa ruwa, kuma a ganina nan ne ran mai nutso yake rataye. Shugaban masu nutso zai zauna da kyaftin da babban injiniya, su bi zanen jirgin, sannan a kashe duk abin da zai iya motsi ko zuƙo ruwa a ƙasa: farfela, da faifan da ke juya akalar jirgi, da ƙananan farfelolin gefe, da famfunan da ke jan ruwan sanyaya inji. Haka kuma ana kashe na'urar da ke sakin lantarki don hana tsatsa. Faɗa da baki ba ya wadatarwa, sai an sa kwaɗo a kan kowane makunni, an rataya takardar gargaɗi, shugaban ya gani da idonsa, domin famfo guda da aka manta yana iya manne mutum a bakin ramin jan ruwa ya kasa ɓamɓare kansa. Daga nan sai a ɗaga tuta mai fari da shuɗi, wadda ke shaida wa sauran jirage cewa akwai mutum a ƙasa.

Bayan haka a shirya mai nutson. Kwalkwalinsa yana haɗe da doguwar igiya mai ɗauke da tiyon iska, da wayar magana, da ta kyamara, sannan yana goye da silindar iska ta ko-ta-kwana. Mutum ɗaya yana riƙe da igiyar yana saki yana ja, wani mai nutson kuma yana zaune cikin shiri, ba ya wani aiki sai jiran ceto.

Idan mai nutson ya shiga, yakan bi jirgin daki-daki daga gaba zuwa baya, yana faɗin abin da ya gani, mai tantancewa, wato jami'in hukumar tantance jirage, kuma yana kallo a allo daga sama. Ƙasan babban jirgi shimfiɗaɗɗe ne kamar rufin ɗaki, ga duhu, ga ruwan tasha mai gurɓata, ta yadda wani lokaci da hannu ake gani, shi ya sa yake bin layin walda don kada ya ɓata. Zai duba lotsewa da tsagewa da inda fenti ya ɓare, ya auna kaurin ƙarfe da na'ura mai aiki da sauti, ya kuma duba dunƙulen tutiya ko alminiyom da ake liƙawa domin tsatsa ta ci su maimakon jikin jirgi. Wanda ya cinye sosai sai a rubuta shi don sauyawa.

Sai wanki. Gansakuka da ƙananan halittu masu ɓawo suna manne wa jirgi, su rage masa gudu, su ƙara masa shan mai. Ana kankare su da buroshi mai inji, a goge farfela har ta yi santsi, amma da lura, domin buroshi mai kaushi yana cinye fentin da ke hana su mannewa, kuma wasu tashoshi ba sa barin a yi wanki sai an tattara dattin.

Fitowa ma tana da ƙa'ida. Kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara matsi daidai da na iskar duniya guda, jiki kuma yana tara iskar naitirojin, wadda ke cutar da mutum idan ya hau da sauri, saboda haka ana hawa a hankali, kimanin mita 9 a minti, tare da tsayawa inda jadawalin nutso ya nuna. Ba a cire kwaɗunan sai mai nutso ya taka sama an ƙirga kayan aikinsa, sannan a miƙa bidiyo da rahoto ga mai tantancewa ya sa hannu.