Darasi na 6: Rage ƙiba ba sai da kuɗi ba

Toh ɗalibai, yau maganar ƙiba da tumbi za mu yi, da yadda mutum zai rage su alhali kuɗin cefanen ma da ƙyar yake kaiwa ƙarshen wata. Da yawa sun ɗauka wannan aikin masu hali ne, sai an sayi wani shayi na musamman ko ƙwaya ko an biya kuɗin gidan motsa jiki. Sam ba haka ba ne. Yawancin aikin ragewa ne, kuma ragewa ba a biya mata ko sisi.

Ƙarfin da abinci yake ba jiki da kalori ake auna shi, in ka ci fiye da wanda jikinka ya ƙona, ragowar sai ya taru ya zama kitse. Giram 1 na mai yana da kalori 9, giram 1 na sitaci ko sukari ko furotin (sinadarin gina jiki) kuwa 4 ne kacal. Shi ya sa mai ƙaramin ƙarfi ma yake ƙiba, domin abin da ya fi arha ya fi saurin cika ciki shi ne sitaci da mai da zaƙi, ba wai kwaɗayi ne ya yi masa yawa ba, aljihu ne yake zaɓa masa.

Ku fara da mai, nan ne babbar ɓarnar take. Babban cokali ɗaya na man girki kusan kalori 120 ne, kuma mai girki in tana tsiyayawa daga kwalba kai tsaye ba ta san cokali nawa ya shiga tukunya ba, hannu ne kawai yake tafiya. A riƙa aunawa da cokali. Abin da aka saba soyawa a gwada dafa shi ko gasa shi, za ku ga kwalbar da take ƙarewa da wuri ta ƙara kwanaki, an tsira da kuɗi a hannu, kitse bai samu na taruwa ba.

Sai sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, wato wajen giram 50 ga babba, kimanin cokalin shayi 12, in an iya rage shi zuwa 6 ma ya fi. Gwangwanin lemo ɗaya kuwa yana iya ɗaukar kusan cokali 9, ga shi ba ya ƙosarwa, ka sha ka kuma nemi abinci. Ruwa ya wadatar.

Kuɗin da aka tsira da shi daga mai da lemo, a juya shi wajen wake da ƙwai da kabeji da ganyen da yake yayi a lokacin, tunda kowane abu a lokacinsa ya fi sauƙi. Wake kam ina ganin babu kamarsa ga wanda yake lissafin kuɗi, yana da furotin, yana daɗewa a ciki, busasshensa yana ajiyuwa. In an zo zubawa a faranti, rabi ganye da kayan lambu, kwata wake ko ƙwai ko kifi, kwata shinkafa ko wani sitacin. Ba a ce a daina cin sitaci ba fa, rage tulin za a yi.

Don Allah kada wani ya ce zai wuni da yunwa don ya rame da sauri, irin wannan da dare ake ramawa har a wuce gona da iri. Rabin kilo zuwa kilo 1 a sati ya isa, kuma wanda ya zubar da kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsa, hawan jini da sukarin jininsa kan nuna sauƙi. Tafiyar ƙafa da ɗan sauri minti 30, kwana 5 a sati, ita ce minti 150 ɗin da hukumar take so babba ya yi, ita ma kyauta ce. Mai ciki da mai shayarwa da mai shan maganin ciwon sukari su fara ganin ma'aikacin lafiya tukuna, yara kuma ba a tauye musu abinci.

Aikin gida: ku samu zare ku yanke shi daidai tsayinku daga kai zuwa ƙafa, ku ninka shi biyu, ku zagaya ƙugu da shi ɗan sama da cibiya. In bakin zaren bai haɗu ba, tumbin ya wuce rabin tsayinku, akwai aiki. Sannan ku rubuta a littafinku cokalin mai nawa da na sukari nawa gidanku ya yi amfani da shi kowace rana har zuwa darasi na gaba, mu tara lissafin tare a allo.